Motar Roba a Garejin Don Ovidio

Duk garinmu babu wanda bai san Don Ovidio Racca ba (Don ɗin laƙabin girmamawa ne a wurinmu), amma ni na fi kowa saninsa, don bango ɗaya ne ya raba kicin ɗina da nasa tun ina amarya. Na ji tarinsa, na ji minsharinsa, na ji ranar da guduma ta sauka a kan babban yatsansa har ya ambaci waliyyan da ko limamin cocinmu bai san da zamansu ba. Bakanike ne. Taraktocin manoman waken soya, tsofaffin a-kori-kura, da motocin tseren da samarinmu ke ƙona dukiyar iyayensu a kansu a filin bayan gari, duk ta hannunsa suka bi.

Bai taɓa buɗe littafin mota ba. Cewa yake wanda ya rubuta littafin bai taɓa kwanciya a ƙarƙashin mota mai ɗigar baƙin mai ba. Kunne yake kara wa inji, ya ɗan yi shiru, ya ce ga inda ciwon yake. Abin da ya ƙi gyaruwa kuwa sai ya sa hannu a aljihun baya, ya zaro siririyar wayar ƙarfe da filaya. Mu nan dama haka muke, ƙofar firji, ƙafar gado, hannun tukunya, komai ɗaure shi muke da waya mu ci gaba da rayuwa. Amma ɗaurin Ovidio daban ne. Akwai taraktar da ya ɗaure wa salansa, mai ita ya mutu, ɗansa ya sayar, ɗaurin yana nan.

Matarsa Nélida ta riga shi tafiya, ta bar masa 'ya ɗaya, Marisel, wadda ke aiki a kantin magani a birnin Rosario. Cikin hunturun bara ya faɗi a bakin ramin gareji, aka kwashe shi sai asibiti, likita ta ce shanyewar ɓarin jiki ce. Ya tashi. Ƙafa ta dawo, baki ya dawo, har ya fi da kaifi, abin da ban yi murna da shi ba. Hannun dama ne ya rage yana ɗan rawa. Sai kuma wani abu da ba a gani da ido: ya fara aiki, ya yi farkonsa, ya yi ƙarshensa, ya bar tsakiya. Wata safiya ya ɗora butar mate, shayin ganyen da muke sha a nan, ya murɗa gas, bai ƙyasta ashana ba, ya fita gareji abinsa. Ni na ji warin ta tagata. Na shiga na buɗe ƙofofi, na zage shi tas, na kira Marisel. Ya yi kwanaki ba ya gaishe ni. Ko a jikina.

Ranar Lahadi Marisel ta zo da kwali a hammata. Motar tsere ce ta wasa, ja, irin wadda ake haɗawa da 'yan bulullukan roba masu shiga juna. Ta ajiye a kan teburin gareji, ta aika a kira ni.

"Baba, likita ta ce ba hannunka ba ne damuwar. Bin abu daki-daki ne yake kuɓuce maka."

"Likitar nan ta taɓa sauke inji?"

"Ba ta taɓa barin gas a buɗe ba dai." Ta tura masa kwalin. "Zan dawo Lahadi mai zuwa. Ka haɗa ta kai kaɗai, yadda littafin ya nuna. In ta tsaya da tayoyinta, ka zauna a gidanka. In ba ta tsaya ba, na gyara maka ɗaki a wurina. Gwaggo Pocha ce shaida."

Na ce, "Ni? Ni da ko zare ba na iya zura wa allura?"

"Ba haɗawa na ce ki yi ba, Gwaggo. Sa ido za ki yi. Kuma duk unguwar nan an san kin iya."

Ka ji 'yar da na yi wa wanka da hannuna.

Ɗakin da take faɗa can ƙololuwar bene yake, da 'yar baranda da ba ta fi tabarma ba. A ɗauki mutumin da ya ƙare rayuwarsa a cikin rami yana kallon cikin motoci, a ɗora shi can sama kamar tattabara. Mu ukun mun san ba zai daɗe ba a wurin. Mu ukun kuma mun san abin da gas yake yi wa gida, da gidan maƙwabta.

Ƙurar motarta ba ta kwanta ba ya yage kwalin. Ledoji ne a ciki, kowace da lambarta, don a buɗe ta farko a gama da ita kafin a taɓa ta biyu. Ovidio ya sa wuƙa ya farke su duka, ya juye a tiren da yake wanke kayan inji. Littafin kuma ya ɗora butar mate a kansa.

Na ce, "Tsoho, ba haka yarinyar ta ce ba."

"Mota mota ce, Pocha. Ƙasa ake fara yi, a sa taya, a ɗora inji. Je ki duba tukunyarki."

Ya yi kwanaki yana haɗawa da ka. Abin da ya fito ya yi kama da mota yadda ni na yi kama da hotona na ranar aure. Rabin kayan na tire, kuma in ka ɗaga ta sai ta rabu biyu. Tsakiyar mako na leƙa na tarar ya janye butar, ya buɗe littafin da zoben ruwa a bangonsa, ya sa tabarau. Na koma kicin ɗina ban tsokane shi ba, kuma Allah ya san abin da hakan ya ci mini.

Littafin babu rubutu, zane ne da kibiyoyi. Sai dai kowa ya ɗebo da zafi bakinsa. Tunda ya cakuɗa komai, kowane ɗan guntu sai ya tona tsibi ya nemo shi, baƙi a cikin baƙaƙe, wani bai fi ƙwayar wake ba, ga hannu yana rawa. Ya daina barcin rana. Ya daina zuwa wurin abokan kartarsa. In na miƙa masa mate sai ya huce a gefensa. Ta bango ina jin ƙas, ƙas, in bulo ya shiga, sai dogon shiru, sai zagi.

Safiyar Lahadi ya buga bangon da sifana, alamar in zo. Na tarar da ita a tsakiyar tebur, ja wur, da fiffikenta na baya da ɗan direba mai hular kwano. Ya yi aski, ya sa farar riga, ya jera gawayi don gashin naman rana.

"To, 'yar sa ido, sa idon."

Ya ɗora yatsa a bayanta ya tura. Gaban motar ya tafi. Tayoyin baya suka zame da sandarsu, suka gangara suka faɗi ƙasa.

Ya sunkuya da ƙyar ya ɗauko su, ya mayar, suka sake zamewa. Sai ya jawo tiren. A lungu, a ƙarƙashin tsumma, ga wani ɗan guntu ruwan toka mai huda a tsakiya. Ya buɗe littafin yana komawa baya, baya, har kusan farko. Ga shi nan a zane, kibiya na nuna shi, shi ne mai riƙe sandar tayoyin, can cikin cikin motar, an gina komai a kansa. Na so a ce shafin mannewa ya yi da giris. Na ma duba. Bai manne ba. Tsallake shi ya yi.

Marisel kuwa ta riga ta aiko mini da saƙo cewa ta baro Rosario.

Na ce, "Sai ka kwance ta."

"Har ƙasa? Ba a fafe gora ranar tafiya."

Hannunsa ya tafi aljihun baya. Ko a cikin wandon zuwa coci wayar tana nan.

"Ovidio."

"Ta ƙasa zan bi da ita. Ba mai gani."

"Ni fa?"

"Ke ba ki ga komai ba. Tsohuwa ce ke, idonki ya mutu."

"Idon da ya ga ka shiga da kwalbar giya ranar da likita ta hana ka? Saurara, tsohon banza. Kicin ɗina a jikin naka yake. In ka tashi sama, da ni za ka tashi, kuma ban shirya tafiya da kai ko'ina ba."

Bai ɗago ba. Ya ce a hankali, "A gidan nan Nélida ta cika, Pocha."

Ban yi masa alkawari ba, ban kuma hana shi ba. Na tsaya ina kallo ya kifa motar a tafin hannu, ya zura wayar ta wata 'yar kafa, ya zagayo da ita, ya murɗa da bakin filaya, ya datse, ya kwantar da kan. Hannun da ke zubar da miya daga cokali ko motsi bai yi ba. Ya tura motar, ta tafi sumul har ƙarshen tebur. Ni kuwa ban san abin da zan ce ba in an tambaye ni.

Da hantsi Marisel ta iso. Ta sumbace shi, ta sumbace ni, ta ajiye jaka. Ko kallon jan fentin ba ta yi ba. Ta ɗauki motar ta kifa ta. Barewa ba ta gudu ɗanta ya yi rarrafe. A garejin nan ta girma, kuma duk wanda ya girma a nan ya san ta ƙasa ake fara duba mota. Shi da ya koya mata, shi ya manta.

Ta daɗe tana kallon ɗaurin. Sannan ta juyo gare ni.

"Gwaggo?"

Ovidio ne ya cece ni. Ya zaro ɗan guntun ruwan tokan daga aljihun riga ya ajiye a gabanta.

"Bar ta. Wannan na tsallake."

Marisel ta zauna a kan tsohuwar taya. Ba ta yi faɗa ba, da ma faɗan ta yi. Ta ce, "Baba, ka ga abin da nake tsoro ke nan. Ɗaurin ya yi kyau. Amma gas ba a ɗaure shi da waya." Ta share hanci. "Ina akwatin Mama? Shi ya fi girma, zai ɗauke kayanka."

Ovidio ya ce, "Lahadi kika ce."

"Yau ce Lahadin."

"Ta ƙare?"

Ya sa filaya ya datse wayar da kansa. Ya fara ɓalle motar, fiffike, kujera, ɗan direba, hanci, yana jera su a kan tebur kashi-kashi yadda yake jera kayan inji, har ta koma ɗan falanki. Ya buɗe shafin farko. Marisel ta dube ni, na dube ta. Ta tura hannayenta ƙarƙashin cinyoyinta ta zauna a kansu.

Ba a hura gawayin nan ba. Rana ta take, gari ya yi tsit, kowa ya kwanta, mu muna gareji muna gumi. Wannan karon yatsa yake ɗorawa a kan kowane zane, ya faɗa da baki kamar mai koyon karatu, "Baƙi dogo, a nan. Ja ƙarami, a kansa." Ya sa guntun ruwan tokan a mazauninsa, ya danna, muka ji ƙas.

Can wajen la'asar gajiya ta kama shi. Hannun ya koma rawa sosai, bulo ya faɗi, ya ɗauka, ya sake faɗi. Sai na ga ya lashi yatsa zai juya shafi, alhali ga wani ɗan baƙin guntu a gefen gwiwar hannunsa da zanen ya ce a sa. Ni na gani. Marisel ta gani. Tari ya taso mini a maƙogwaro, na gaske ko na ƙarya ni ma ban sani ba, ta watso mini wani kallo, na haɗiye shi. Shafin ya ɗagu rabi. Ya tsaya a haka, a tsaye, yatsan yana karkarwa a bayansa. Kare ya yi haushi a wani gida. Ovidio ya ƙura wa motar ido, ya ƙura wa zanen, ya saki shafin ya koma. Ya lalubo guntun ya sa.

Marisel ta tashi ta fita tsakar gida, wai za ta sha iska.

Inuwa ta kai bakin titi lokacin da ya ɗora fiffiken. Ya ɗaga tiren ya kifa, ya girgiza tsumman. Babu abin da ya faɗo. Ya tura motar, ta ratsa teburin da tayoyinta huɗu ta shiga tafin 'yarsa. Ta kifa ta, ta duba, ta ja tayoyin baya da ƙarfi. Suna nan.

"Ka zauna a gidanka," ta ce.

Sai ta ɗauki sifanarsa ta shiga kicin. Muka ji ƙarar ƙarfe. Ta fito tana mirgino tukunyar gas, ta sa a bayan motarta.

"Butar lantarki zan aiko maka, mai kashe kanta. Abinci kuma a wurin Gwaggo Pocha za ka riƙa ci, rana da dare."

Na ce, "Tsaya, yarinya. Shi ya ci jarrabawa, ni za a yanke wa hukunci?"

"Sai wani makon, Gwaggo."

Ta tafi ita kaɗai. Yana gidansa har yau. Azahar na yi zai turo ƙofata ba sallama, ya zauna a kujerar marigayi mijina, ya ce taliyar ta dahu da yawa, ya miƙo faranti a ƙara masa.