Yaron da ya tatsi akuyata

Shekarun baya, tun maigidana yana da rai, Allah ya jiƙansa, wani abu ya faru da mu nan Filinge wanda har yau in na tuna sai idona ya kawo ruwa. Ni ban yi karatu ba. Jikata ce ke rubuta abin da nake faɗa a wayarta, ta ce akwai masu karantawa. To ku yi haƙuri da tsohuwa.

Lokacin ne mutanen Mali suka yi ta gudowa saboda yaƙi, aka tara su a sansanin Abala. Wasu ba su iya zaman can ba, suka gangaro wajenmu, suka kafa 'yan bukkoki a bayan gari. Ba ma shiga harkarsu. In aka ga mai jar fata da rawani ya wuce, sai a rage murya, kowa ya duba dabbobinsa.

Ina da wata jar akuya mai ɗa guda, ina ɗaure ta a bayan danga. Wata ranar kasuwa da hantsi ina surfe, sai na ji ana ihun ɓarawo. Na fito da taɓarya a hannu, takalmi ƙafa ɗaya, kamar ni zan kama shi, ni da ko kaza ba na iya kamawa. Na tarar samarin unguwa sun danne wani yaro Buzu, siriri, ko gemu bai fara ba. Bakinsa jini. Ga wani ɗan ƙoƙo a kife, nono ya jiƙa ƙasa.

Ɗan maƙwabcina ya ce, "Inna, rungume da akuyarki muka same shi! Irinsu ne ke kai wa 'yan bindiga nama."

Kafin in buɗe baki sun ja shi sai wurin jandarma.

Na koma wajen akuya ina lallashinta. Igiya tana nan da ɗaurin da na yi mata da safe, ba a kwance ba. Na taɓa hantsarta, sai na ji gefe ɗaya an tatse, gefe ɗaya a cike, ɗan yana tsotsa abinsa. Na shiga na gaya wa maigidana, wanda ciwon ƙafa ya kwantar a lokacin. Shi da ƙuruciyarsa ya yi fataucin gero a ƙasar Buzaye. Ya ce, "Can wurinsu, matafiyi in yunwa ta kama shi ya tarar da dabba, tatsa yake yi ya sha, ba mai ce masa ɓarawo. Sharaɗin dai ya bar wa ɗan rabonsa. Ni kaina na sha hakanan."

Na ce, "Ashe ɓarawo na aura ban sani ba."

Ya ce, "Ke dai miƙo mini sandata."

A amalanken jaki muka je wurin jandarman. Yaron yana zaune a ƙasa, hannu ɗaure. Babban jandarman ya ce yaro ba shi da takarda, ba wanda ya san shi, gari kuma ya ɗauki zafi, don haka gaban alƙali za a kai shi, daga can sai kaso. Aka samo mai jin Buzanci ya tambaye shi. Ashe ba shi ya so sha ba. Ubansa ya rasu a hanya, nonon uwarsa ya ƙafe, ƙanwarsa jaririya ta daina ko kuka.

Babban ya dube ni ya ce, "Inna, akuyarki ce. Kin kawo ƙara?"

Na ce, "Ɗana, akuyata tana gida, ɗanta ya ƙoshi. Ƙarar me zan kawo?"

Ya ce, "To ko da hakanan, sai an samu ɗan gari ya tsaya masa."

Maigidana ya ce, "Na tsaya."

Babban ya kalli sandar, ya kalli ƙafafun da suka kumbura, ya ce, "Baba, kai da kanka ma ba ka iya tsayuwa?" Aka yi dariya, har shi tsohon. Amma aka kwance yaron.

Daga ranar, kullum da safe sai ya zo ya tatsi gefe ɗaya ya kai wa uwarsa. Jaririyar ta rayu, na gan ta da idona tana bin akuyar da gudu. Shi kuma ya riƙe mana gona da maigida ya kasa. Ya koyi Hausa a karkace, yana ce mini Inna, ina gyara masa yana ƙara ɓatawa. Unguwa ba ta daina magana ba. Akwai wadda ta ce mini wata rana zai yanka mu. Ranar da maigidana ya cika, yaron ne ya shiga kabari ya karɓe shi. Ɗan maƙwabcina, wanda ya fasa masa baki, shi ya miƙa masa gawar daga sama. Mazan da suka je ne suka ba ni labari.

Bayan nan uwarsa ta ce za su koma gida su ga abin da ya rage. Ya zo ya durƙusa ya ce, "Inna, ina komowa lokacin kaka." Kaka ta zo ta wuce, wasu suka biyo ta. Ban sake jin labarinsa ba. Ban san ko yana raye ba, ko wani wuri ya sake taɓa abin wani don yunwa, ba tsohon da zai tsaya masa. Wannan shi ne ke sa ni kuka, fiye da kewar.

Abin da na gane dai, ranar nan ba wanda ya tsaya ya dubi akuyar. Fatarsa kawai aka duba.

Jar akuyar ta daɗe da mutuwa, jikarta nake kiwo yanzu. Jikata kullum faɗa take, wai in shigo da ita cikin gida kar a sace. Ni kuwa a bayan danga nake ɗaure ta, wurin da uwar uwarta ta tsaya. Duk safiya sai na fita na taɓa hantsarta, ko Allah ya sa in tarar an tatse gefe ɗaya.