Cakin Mama a Cikin Faifai

Ina zaune a shagon mai kwamfuta a Yelwa, abin sauraro a kunnuwana, sai wayata ta fara ruri a kan tebur. Yayana ne. Na zare na kunne ɗaya na kara wayar. Ya ce, "Ki taho gida. Mama ta rasu." A ɗaya kunnen kuwa matan zumunta suna ta rera waƙa, Mama tana cikinsu da ƙuruciyarta. Ban tashi ba sai da baitin ya ƙare.

Faifan garmaho ne guda ɗaya. Tun kafin a haife ni aka kwashi matan zumuntar cocin ƙauyenmu, can kudancin Bauchi, aka kai su birni aka naɗi waƙoƙinsu. Mama ba ta da muryar da ake sawa a gaba. Caki take kaɗawa, ɗan duman nan mai tsakuwa a ciki. Da muka dawo Bauchi ta taho da faifan a naɗe cikin zane a ƙasan akwati. Garmahon gidanmu ya daɗe da lalacewa, don haka ni ban taɓa jin abin da ke ciki ba.

Da ciwo ya kwantar da ita, na ɗauki faifan na kai wa mai kwamfutar, domin yana da garmaho mai aiki. Ya wanke shi da ruwa da ɗigon sabulu, ya goge da tattausan ƙyalle yana bin zagayen layin, ya sa sabuwar allura, ya juye waƙoƙin. Sautin ya fito kamar ana suyar ƙosai a bayan mawaƙan. Ya danna wani wuri, na'urar ta share ƙarar gaba ɗaya. Na sa a waya na tafi gida da murnata.

Mama ta saurara ido a rufe. Yatsunta suka fara motsi a kan bargo, sai suka tsaya. Ta ce, "Muryoyi sun fito. To, ni ina nake?"

Washegari na koma shagon. Mutumin bai yi musu ba. Ya ce, "Anti, na'ura ba ta san caki ba. Duk abin da ya yi cas-cas, datti ne a wurinta. Sai dai a koma kan juyin farko a bi da hannu, ni kuma ga layin masu jira." Ya nuna mini yadda sauti yake a allo. Ƙarcen faifai yana tsayawa siriri kamar ƙaya, caki kuwa yana da ɗan faɗi, kuma yana zuwa tare da kiɗa. Ya koya mini cire ƙaya in bar caki. Ni tela ce, na saba da warware ɗinki zare bayan zare. Duk ranar da aiki ya yi sauƙi nakan rufe shago in je in zauna a kujerarsa ta gefe. A kan wannan aikin kiran Yaya ya same ni, ina tsakiyar waƙar farko.

Da ake shirin jana'iza Yaya ya ce a sa waƙar a coci, amma wadda na'ura ta wanke. Ya ce, "Baƙi za su zo daga ƙauye, ga mutanen ofis ɗinmu. Abin da ke tsuwa kamar rediyon da ya sha ruwa za a sa a lasifika?"

Na ce, "Yaya, wadda babu Mama a ciki kake so a sa a jana'izar Mama?"

"Wa zai gane bambancin?"

"Ita ta gane."

Wankakkiyar waƙar a wayata kaɗai take. Na buɗe a gabansa na goge ta. Ya kalle ni ya ce, "Wannan taurin kan, na san inda kika gado shi." Ya fita.

Tawa aka sa, wadda nake gyarawa da hannu ban gama ba. Daga farko muryoyi suka fito fes, caki yana tafiya a ƙarƙashinsu, cas, cas. Da aka kai inda na tsaya, suyar ta dawo da ƙarfi ta cika cocin. Wasu suka waiwaya suna duban mai lasifika. Ya dube ni, hannunsa a kan maɓalli. Na girgiza kai. Cakin yana nan a cikin ƙarar, duk mai so zai ji shi. Wata tsohuwa cikin matan ƙauyenmu, sanye da zanen zumunta, tana kaɗa hannu a iska daidai da shi har waƙar ta ƙare. Yaya ya sunkuyar da kai, ban san ko kunya ce ko wani abu ba, kuma har yau ba mu yi maganar ba.

Ina zuwa shagon har yanzu, amma ba kamar da ba. Wani lokaci in na sa abin sauraro ba na iya daɗewa. Ban gama waƙar farko ba, ɗaya gefen faifan kuwa ko fara shi ban yi ba.