Ragon da Yaya Sale Bai Yanka Ba

Bana shekara bakwai ke nan da rasuwar yayana, Sale, kuma har yau in babbar Sallah ta matso sai in rasa sukuni.

Kafin yaƙin basasa, duk unguwarmu a Gwaram ba wanda ya kai Yaya Sale ban dariya. In aka kira gayya aka ji shiru a gona, to bai iso ba. Tun da ƙarfin Baba ya ragu, shi ke yanka ragon layyar gidanmu, ni ƙaninsa in danne ƙafafu. Ni na raka shi Birnin Kudu ranar da ya hau motar sojoji, yana tsokanata wai in kula da gadonsa kada in yi masa fitsarin kwance.

Bayan shekara uku ya dawo da ƙafafunsa biyu da hannuwansa biyu, muka ce alhamdu lillahi, lafiya lau ya dawo. Iyakar abin da muka iya dubawa ke nan. Ya daina hira, ya daina zama inda zai ba ƙofa baya, muka ce ai halin soja ne.

Da Sallah ta zo, na kayar da rago, na miƙa masa wuƙa a gaban maƙwabta, don ƙane ba ya yin yanka alhali yayansa na tsaye. Ya karɓa, ya sunkuya, sai wuƙar ta kuɓuce daga hannunsa ta faɗi. Ni kuwa da ɗan banzan bakina na ce, "Haba Yaya, duk yaƙin da aka ce kun yi, rago ya gagare ka?" Aka kwashe da dariya.

Ya dube ni ya ce, "Hamisu, da ragon kaɗai nake gani, da na yanka." Ya shige gida.

Da kaka ya roƙi Baba a raba mana gandu, ya kwashe iyalinsa ya koma Farin Dutse. Ba mu yi faɗa ba. Muna gaisawa a wurin suna da jana'iza, amma ba mu ƙara sa hannu a akushi ɗaya ba. Kowace Sallah nakan aika masa da cinya, in ce baɗi zan je da kaina. Kunya ce ta hana ni, da girman kai irin na malamin makaranta.

Yanzu babura sun cika gari, Farin Dutse ta zama nan da nan. Yaranmu na wasan soja da karan dawa, suna faɗuwa suna tashi. Nakan ce da yana nan, ko zai kore su, ko zai juya baya kawai? Ban sani ba, don ban taɓa zama na tambaye shi abin da ya gani ba. Ina kewarsa ƙwarai.

Bai bar lambar yabo ba, bai bar dukiya ba. Ya bar 'ya'ya huɗu masu sanyin hali, da wata magana da matarsa, Yaya Ladi, ta gaya mini ranar sadakar uku. Ta ce duk babbar Sallah sai ya sa ta zuba tuwon mutum biyu a akushinsa, ya ce, "Rufe, ƙila Hamisu ya zo."

Shekara shida tana zubawa, yara na cinye rabona.