Benci Cike Ranar da Mai Bincike Ya Zo

Ba a daɗe da samun mulkin kai ba na fara koyarwa a wata makarantar 'yan mata zalla a Makarfi. Wani attajirin gyaɗa ne ya gina ta a bayan gidansa, aji uku jere, ya ɗauko wata dattijuwa da ta taɓa koyarwa a Zariya ya ba ta shugabanci. Malama Babba muke kiranta.

Wata rana wasiƙa ta zo cewa wani mai bincike zai zo daga Zariya. Yana son ya gano ko yarinya ta fi gane karatu idan babu maza a ajinta. Zai gwada ɗalibanmu da na makarantar En'e, wato ta hukuma, da ke Hunkuyi, inda ake haɗa maza da mata. Na ji daɗi, don Yayana a can yake koyarwa, kuma mun saba gardama a kan wannan magana.

Ana gobe zai zo, Malama Babba ta shigo ajina da rajista, ta kira wasu sunaye ta ce gobe su huta a gida. Ban kawo komai a raina ba. Da safe na tarar da aji cike, har da manyan 'yan matan da suka gama bara, sanye da tsohon kayan makaranta da ya yi musu kaɗan.

"Malama, waɗannan fa?" na tambaye ta.

"Gaisuwa suka zo. Na ce su zauna, kada baƙo ya ga benci babu kowa."

Mai binciken mutum ne mai ladabi, ya gaishe mu har da rusunawa. Ya raba takardu, ni kuma ina fassara tambayoyin da Hausa. Akwai lissafi, akwai karatu, sannan aka tambaye su ko suna jin daɗin makarantarsu. Malama Babba tana tsaye a bakin taga. Kowace ta ce tana jin daɗi. Kafin azahar ya tattara takardunsa ya shiga mota.

Bayan watanni rahoto ya fito, ya ce 'yan matanmu sun yi wa na Hunkuyi nisa, kuma raba su da maza ne dalili. Attajirin da ya gina makarantar ya tara mutane a ƙofar gidansa aka karanta musu. Ranar Juma'a na tafi Hunkuyi da niyyar tsokanar Yaya.

Na same shi a zaure yana gyara keke. Bayan mun gaisa na ce, "Yaya, ka ji sakamako ko?"

Bai yi dariya ba. Ya ce, "Kin san ranar da ya zo mana? Ranar kasuwa ce, ga girbin dawa. Manyan ɗalibai duk suna gona ko suna talla. Ƙananan da ya tarar ya ba takardun. Kuma bai tambayi 'ya'yan wa kuke koyarwa ba. Naku 'ya'yan malamai ne da 'yan kasuwa, da ajaminsu suke zuwa muku. Namu daga ƙauye suke takowa."

Nan take sunayen da aka kira a ajina suka dawo mini ɗaya bayan ɗaya. Duk masu rauni a karatu ne. Na gaya masa abin da ya faru a wurinmu, har da 'yan matan bara. Ya ajiye sifana ya tambaye ni:

"Da bakinki kika fassara?"

"Da bakina."

Sai ya faɗa mini abin da ban sani ba. Tun da labarin ya bazu, iyaye suka fara cire 'ya'yansu mata daga makarantarsa, suna cewa mai ilmi daga Zariya ya tabbatar haɗawa ɓata lokaci ne. Wasu daga Likoro, wani gari kusa da Hunkuyi, sun kai nasu Makarfi an ce babu wuri. Yaran suna gida, ba nan ba can.

Ranar Litinin na sami Malama Babba a ofis. Na ce, "Malama, abin da muka yi ya hana wasu yara karatu."

Ta ɗago kai a natse. "Ni ban rubuta masa ko harafi ɗaya ba. Ya tambayi waɗanda ya tarar, suka amsa."

Na rubuta wa mai binciken wasiƙa shafi biyu, na bayyana komai. Amsa ta zo a gajarce: ya gode da kulawata, amma an riga an buga rahoton an raba wa ofisoshi.

Har yau ban san ko raba mata da maza ya fi ba. Wataƙila ya fi. Abin da na sani shi ne ba a auna shi ba a waccan shekarar. Na ƙarasa zangon karatu a Makarfi, na nemi aiki a makarantar En'e ta Hunkuyi. Ni da Yaya muka riƙa bin gidaje a Likoro da yamma muna roƙon iyaye. Kaɗan suka mayar da 'ya'yansu, yawanci suka ce sun ji, za su yi shawara.