Baba Buɗe da Unguwar Ƙetaren Gada

Sunansa na yanka ya ɓace tun yana saurayi. Duk wanda ya zo wurinsa magana ɗaya yake kawowa: "Don Allah zo ka buɗe mana." Da haka ya zama Buɗe, da furfura ta fito kuma aka ƙara masa Baba. Sana'arsa yankan makulli da gyaran kwaɗo.

Sai dai an haife shi a unguwar da ba ta da buƙatarsa. Tsohuwar unguwa ce a bayan kasuwa, lungu ya shiga lungu, gida ya jingina da gida. Idan mace za ta fita, murya take ɗagawa ta kan katanga ta ce wa maƙwabciya, "Ki sa min ido," shi ke nan an kulle gida. Baƙo kuwa kafin ya sha kwana tsofaffi sun tambaye shi ɗan gidan wa ne.

Don haka kullum da safe yake ɗaure akwatin kayan aikinsa a bayan keke ya haye gada. A ƙetare akwai sababbin gidajen ma'aikata, masu dogayen katangu da fasassun kwalabe a sama. Titi shiru, kamar an yi ruwa an ɗauke. Bishiyoyin da aka dasa ko gwiwa ba su kai ba. Kowa kwaɗo kan kwaɗo, kuma kowa yana yar da makullinsa. Ya kafa tebur a gindin turken lantarki, aiki har yana yi masa yawa.

Wata rana da hantsi wata malamar makaranta ta iso teburinsa tana haki, takalminta wari da wari. Ta fito zubar da shara, iska ta rufe get, sakata ta faɗa ta ciki, ga tukunya a kan wuta.

Ya je ya duba ya ce, "Malama, wannan ba aikin makulli ba ne, sai an haura. Maƙwabtanki suna da tsani?"

"Ban san su ba."

"Sababbin zuwa ne?"

"A'a, sun riga ni tarewa. Motarsu dai na sani."

Baba Buɗe ya riƙe baki, sannan ya je ya buga get ɗin maƙwabtan. Wata ma'aikaciyar asibiti ta leƙo, fuska a ɗaure. Da ta ji zancen tukunya sai ta ruga ta jawo tsani da kanta. Ya hau, ya dira, ya zare sakata, amma kwalba ta tsarge masa wando tun daga cinya har ƙasa. Ya fito yana tattare shi da hannu biyu. Matan suka yi ta ƙoƙarin danne dariya, da suka haɗa ido kuwa ta ƙwace musu. Tukunya dai ta riga ta ƙone. Ma'aikaciyar asibitin ta wanke masa ƙujewar da ya yi, ta ce wa malamar, "Taho gidana ki ci abinci, ai kin sha wuya."

Washegari ya cire sakatar, ya sa wa malamar kwaɗo, ya miƙa mata makulli biyu. "Ɗaya naki, ɗaya na maƙwabciyarki."

Daga nan abin ya zame masa ɗabi'a. Duk wanda ya yanka wa makulli sai ya ƙara ɗaya ya ce a kai gidan kusa. Wasu suka yi tsaki, wasu suka kai. Wanda ya kai makulli kuwa dole ya yi sallama, wanda ya yi sallama a ba shi kujera. A hankali masu zuwa da gudu suka ragu, har yakan wuni yana korar ƙuda.

Matarsa ta ce, "Malam, ka daɓa wa cikinka wuƙa."

Ya ce, "Bakin da Allah ya tsaga ba ya hana shi abinci."

Abincin kuwa har gida ya biyo shi. Kasuwa ta kumbura ta haɗiye lungunan tsohuwar unguwa. Aka shimfiɗa kwalta, ɗakunan bakin hanya suka zama shaguna, tsofaffi wasu suka rasu, wasu suka bi 'ya'yansu. Gidaje suka cika da 'yan haya waɗanda ba su san juna ba. Ran nan wani mai sayar da waya ya tare shi a ƙofar gida ya ce, "Baba, ina zan sami mai yankan makulli a nan kusa?" Baba Buɗe ya dube shi, ya sauko daga keke. A makon ya dawo da teburinsa gida.

Yanzu autarsa tana aure a ƙetaren gada. Bishiyoyin sun rufe titi da inuwa, yara suna buga ƙwallo, get-get a buɗe. Malamar da ƙawarta sun yi ritaya, sun fasa 'yar ƙofa a katangar da ke tsakaninsu don zagayowa ta waje tana ba su ciwon gwiwa.

Auta ta sha cewa, "Baba, ku dawo nan mana, hayaniyar can ta yi yawa."

"In dawo in yi me? Ku da ba ku kulle komai."

Amma duk ƙarshen mako shi da matarsa sukan hau a-daidaita su je. Ana shimfiɗa masa tabarma a inuwa, ya kishingiɗa, sai ya fara mutsu-mutsu, don hannunsa bai saba zama haka ba. Malamar ta lura. Shi ya sa take tsinto tsofaffin kwaɗuna masu tsatsa ta ajiye masa. Wanda ta kawo a makon jiya, da ido rufe ma zai buɗe shi. Ya ɗiga masa mai, ya juya shi, ya sake juyawa, ana ta hira.

Matarsa ta ce, "Malam, ko dai tsufa ne?"

Ya ce, "Ki bar ni, wannan mai taurin kai ne." Bai buɗe shi ba sai da aka kawo abinci.