Mai Dalilin Auren Sinadarai

Shekara bakwai ke nan da rasuwar matata Hajara, amma har yau matan unguwarmu ta Concourse Village a Bronx in sun tuna ta sai su ce, "Allah ya jiƙan mai dalilin aure." Alhali ba ta taɓa haɗa auren kowa ba. A ɗakin binciken wata jami'a take aiki, ni kuwa direban tasi ne, ina jiran fasinja a filin jirgin sama na JFK.

A wajen bikin suna ta samo laƙabin. Wata Hajiya 'yar Nijar ta tsare ta, wai sai ta faɗi aikin da take yi. Hajara ta ce, "Hajiya, sinadarai biyu ne cikin ruwa, ba mai ganin wani. Sai in ɗaura wa kowanne zaren DNA. Zare ya nemo ɗan'uwansa, ya zaunar da su gab da juna, su haɗu su zama sabon abu. Zaren yana nan manne, ko cikin dubbai ne in ka karanta shi ka san iyayen abin."

Hajiya ta ce, "To ai dalilin aure kike yi, a ba ki tukwici."

Mu dariya muke yi, Hajara kuwa da gaske take. Ɗanmu Mubarak yana da sikila, tana fatan cikin dubban sinadaran da ta tara a 'yan kwalabe akwai wanda zai zama magani.

Bayan rasuwarta aka ce za a rufe ɗakin, a zubar da abin da ke firij. Na tsorata ƙwarai, don ban san ko ƙofar da zan buga ba. Sai Rakiya, ɗalibarta 'yar zangon Kumasi, ta nemi izini ta tafi da kwalaben sabon wurin aikinta.

Yanzu Rakiya ta ce kwamfuta ke taya su zaɓen abin da za a gwada. Na san Hajara, da tana nan sai ta yi tsaki ta ce na'ura ta ƙwace mata sana'a, washegari kuma ta riga kowa koyonta.

Magani dai ba a samu ba tukuna. Sannu ba ta hana zuwa, sai dai a daɗe ba a je ba. Mubarak ya zama saurayi, sanyin Bronx na kayar da shi wani lokaci, ya tashi. Kwanan baya Rakiya ta kira ta ce sun sake fito da kwalaben za a gwada. Yana gefe yana ji. Da na ajiye wayar ya yi murmushi, ya ce da Turancinsa, "Baba, ashe Mama ba ta tashi daga aiki ba."