Jirgi Mai Ƙafa Biyu

Fasto na zaune a falonmu a Kafanchan, zamanin jirgin ƙasa mai kwal, sai hayaƙin taba ya shigo ta taga.

Maigidana ne a bayan gida. Ya rantse ya daina sha, don ana shirin naɗa shi dattijon ikilisiya. Kullum iska ke kwashe masa hayaƙin. Ya manta in gari ya gasu, zafi kan tashi sama, iskar dutsen Kagoro ta gangaro mana da yamma.

Fasto ya shaƙa. "Maman Ladi, jirgi ya iso ne?"

"E, Baba. Mai ƙafa biyu. Bari in kira shi."

Wani daban aka naɗa dattijon.

Ku masu laɓewa bayan gida, iska ba 'yar'uwarku ba ce. Wa ta taɓa tona wa asiri a cikinku?